Yadda ake zaɓen sandunan ado na gilashin taga a gida mai tsohon fasali a Legas

Duk wanda ya zaga tsibirin Legas wajen Campos da titin Kakawa, ko ya leƙa gidan Jaekel na 1898 a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, ya san abin da ke ƙawata tagogin gidajen da: siraran sanduna ne da suka raba gilashi gida-gida. A wancan zamani babban gilashi falle ɗaya yana da tsada da wuyar samu, dole aka riƙa haɗa ƙanana. Yau abin ya zama ado, shi ya sa mai gida yakan tsaya a shagon masu aluminiyam a Dopemu ya nuna zane a waya ya ce a yi masa, sai an ɗora a gini ya ga taga ta koma kamar akurkin kaji.

Fara da yanke shawarar yadda sandar za ta zauna. Akwai ta asali, wadda kowane gida ke da nasa ɗan gilashin, sandar ce ke riƙe da shi. Ita ta fi kyau, kuma idan gida ɗaya ya fashe shi kaɗai za a sauya, amma kowace mahaɗa ƙofar ruwa ce, ruwan Legas kuwa da iska yake zuwa. Akwai ta liƙi, wadda ake mannawa a kan gilashi falle ɗaya da tef mai gam gaba da baya. Sai wadda ake sawa a tsakanin gilashi biyu tun daga masana'anta. Tana da sauƙin gogewa, amma ba ta fitar da inuwa, daga titi kamar an ja layi da fenti take. Ga sabon gini mai kwaikwayon tsohon fasali, ɗauki ta liƙi, kuma a liƙa ciki da waje, sanda a kan sanda. Masu aiki za su ce waje kaɗai ya isa don a rage kuɗi. Bai isa ba, domin kana zaune a falo bayan tef za ka riƙa gani. Idan kuwa tsohon gida ne mai firam ɗin katako, a bar shi a kan ta asali.

Katako kuwa iroko ko maɗaci, busasshe. Obeche yana da araha da sauƙin fiƙewa, amma gara da laima ba sa barinsa. Ɗanyen katako idan aka fere shi siriri, da zarar hunturu ya shigo sai ya murɗe ya saki gilashi. Aluminiyam a nemi wanda aka gasa wa fenti a masana'anta, kusoshin kuma waɗanda ba sa tsatsa, musamman daga Obalende zuwa Lekki da Ajah inda iska ke ɗauke da gishiri. Sandar baƙin ƙarfe a kan gilashi kada ma a fara, jan tsatsa za ta zubo kafin damina ta biyu.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, wato rabon gidajen gilashin. Ba a cewa "a yi min shida-shida a duk tagogin". Tagar falo da ta banɗaki ba girmansu ɗaya ba. Idan ka ba su adadi ɗaya, gidajen falo za su fito manya, na banɗaki ƙanana, fuskar ginin ta hargitse. Girman gida ɗaya ake tsayarwa, sannan kowace taga ta ɗauki adadin da ya shige ta. Kuma gidan ya zama tsayinsa ya fi faɗinsa, kamar sau ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Gida a kwance ba na tsohon fasali ba ne.

Awon kuma na gilashin da ido ke gani ne bayan an cire firam, ba na ramin bango ba. A ce taga mai mita 1.2 kowane ɓangare, mai murfi biyu, gilashin kowane murfi ya fito milimita 500 a faɗi, 1100 a tsaye, sandarka kuma milimita 20 ce. Sanda ɗaya a tsaye: cire 20 daga 500, raba biyu, 240. Sanduna biyu a kwance: cire 40 daga 1100, raba uku, wajen 353. Wanda ya manta bai cire kaurin sanda ba, gidajen gefe da na tsakiya ba za su zo ɗaya ba, kuma ido yana kama bambancin ko daga ƙasa. Kaurin sanda na milimita 18 zuwa 25 ya isa taga ta gida. Abin da ya wuce haka yana cinye haske. Kafin a yanka komai, sayi tef ɗin takarda na masu fenti, ja zanen a kan gilashin taga biyu da ke jere, ka tsallaka titi ka duba. Sandunan kwance na duk tagogin bene ɗaya su faɗo a layi ɗaya.

Sai ƙarfen tsaro, wanda babu gidan Legas da zai rasa shi. Mai walda yakan yi nasa, mai aluminiyam ya yi nasa, ba wanda ya ga aikin wani, a ƙarshe layuka iri biyu su hau juna, ga kuma ragar sauro. Ka haɗa su a wurin aikin rana ɗaya, zanen ado ya riga na ƙarfe. A misalinmu, daga tsakiyar sanda zuwa inda ta gaba za ta faɗa milimita 260 ne. Idan mai walda ya jera rodinsa a 130, kowane na biyu zai ɓuya a bayan sandar ado. Ya auna daga tagar kanta, don firam ɗin tsakiya yana karya lissafin. Ƙarfen ya zauna ta ciki, a shafa masa baƙin fenti, sandar ado ta zama fara ko launin firam.

Idan taga mai turawa gefe ce, duba kada kaurin sandar ya zarce fuskar firam, in ba haka ba murfi zai kankare ta. Gilashi fari mai milimita 5 ya wadatar. Mai shuɗi ko mai ƙyallin madubi yana kashe zanen. Wajen liƙi a goge gilashi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai, a danna da ƙarfi, a bi gefen sama na sandunan kwance da siririn silikon don kada ruwa ya kwanta. Kada a liƙa ranar da ake ruwa, kuma kada a wanke tagar sai bayan kwana uku.