Darasi Na Takwas: Dashen Haƙori da Abincin Dattijon da Haƙoransa Suka Zube

Baligi yana da haƙora 32. Idan 20 daga ciki suna nan lafiya, na sama suna haɗuwa da na ƙasa, zai iya tauna kusan kowane abinci. Wahala tana farawa ne idan turame suka zube, domin su ne masu niƙa. Na gaba yanka kawai suke yi.

A lura da kwanon tsohon da ya rasa turamensa. Zai ture tsokar nama gefe ya miƙa wa jika, ya ce ya ƙoshi. Gyaɗa da kwaɗon zogale da ɗanyen karas duk ya sallama su. Abin da ya rage masa koko ne, da shayi da burodi, da tuwo da ruwan miya. Ciki yana cika, amma tsoka ba ta samun abin da zai gina ta. Sai a ga damtse ya saki, tashi daga tabarma ya zama aiki, a ɗora wa tsufa laifi, alhali da hannun yunwa a ciki.

Abin da jiki yake bukata

Dattijo mai lafiya yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6, kofin madara ko nono kusan 8, kofin dafaffen wake kusan 13, kifi mai girman tafin hannu kusan 20. A raba shi safe da rana da dare, kada a tara a cin dare kaɗai. Mai ciwon ƙoda kam sai ya ji ta bakin likita kafin ya ƙara.

Duk waɗannan ana iya cin su ko da dasashi ne, in an gyara girki. Nama a yanka shi ƙanana a gicciye, a dafa har ya yi lugub, a ɗan daka a turmi, a mayar cikin miya. Busasshen dambun nama yana shaƙe mai ƙarancin yawu, sai an jiƙa shi. Kifi a tsince ƙayarsa da hannu tun kafin a kai gaban tsoho. Alala da faten wake da awara da kindirmo ba sa bukatar turmin haƙori ko ɗaya. Kunu a dama shi da gyaɗa ko madara, ba gasara da sukari zalla ba. Zogale da alayyahu a daka su a zuba a miya, kabewa a dafa, gwanda da ayaba a murƙushe. Kada a riƙa tace komai ana zubar da dusa, wannan ne ke jawo taurin bayan gida.

Idan mai kilo 60 ya rasa kilo 3 cikin wata 6 ba da niyya ba, a kai shi asibiti.

Yadda ake dashen haƙori

Haƙoran roba da ake sawa a cire suna taimakawa, amma na ƙasa sukan yi rawa a baki, domin ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa bayan haƙori ya fita. Dashe ya bambanta. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya gano cewa ƙashi yana kama ƙarfen taitaniyam ya manne da shi, ya kuma fara dasa wa mutum a 1965.

Kashi uku ne: ƙusa mai zare da ake ɗaurawa cikin ƙashi a madadin saiwa, da mahaɗin da yake leƙowa ta dasashi, da haƙorin da ake ɗorawa a kai. Likita zai fara ɗaukar hoton ƙashi ya ga ko kaurinsa ya isa. Sai a yi allurar kashe zafi, a huda, a ɗaura ƙusar, a ɗinke. Yawanci ana jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama, na sama ya fi jinkiri saboda ƙashinsa ya fi laushi. Wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka ba sai an dasa masa ɗaya bayan ɗaya ba, ƙusa biyu sukan isa su riƙe haƙoran roba su daina rawa. Aikin yana da tsada, kuma ba a kowane asibiti ake yin sa ba.

Yawan shekaru ba ya hana dashe. Abin da ke ɓata shi shan taba ne, da ciwon suga da ba a kula da shi, da datti. Taba tana rage jinin da ke zuwa dasashi, suga yana hana rauni warkewa. Mai shan maganin ƙarfafa ƙashi, ko na tsinka jini, ko wanda aka taɓa gasa wa ciwon daji a kai ko wuya, lallai ya faɗa wa likita tun ranar farko.

Ranar aiki kada a kurkure baki da ƙarfi, kada a sha abu mai zafi, domin gudan jinin da ya rufe raunin zai iya fita. Daga washegari a kurkure a hankali da kofin ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri, bayan kowane cin abinci. Mako ɗaya zuwa biyu a tsaya ga abinci mai laushi, a tauna ta ɗaya gefen. Goro da ƙashi da ƙanƙara a haƙura da su.

Haƙorin dashe ba ya ruɓewa, shi ya sa wasu ke sakaci. Amma dasashin da ke kewaye da shi yana kumbura, ƙwayoyin cuta su cinye ƙashin, ƙusa ta yi sako-sako, sau da yawa ba tare da zafi ba. A goge da buroshi mai laushi sau biyu a rana, har tsakanin haƙora. In an ga jini ko mugunya ko motsi, a koma wurin likita a makon.

Wani abin da iyali kan manta: tsohon da ya shekara goma a kan koko ba ya komawa nama don kawai an dasa masa haƙori, ya riga ya saba. Mai girki ce za ta dawo masa da shi kaɗan-kaɗan, daga dakakken nama zuwa yankakke, daga fate zuwa dafaffen wake, tana duba abin da ya rage a kwano.