Idan abokinka ya fara shan ƙanƙara, ga abin da za ka yi

Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura. Ana saura kwana goma Sallah, yaron shagona ya kwana uku a kan keke bai runtsa ba, ni kuwa sai sa masa albarka nake. A dare na huɗu na ga yana taune haƙora, yana susar hannu har jini, wai kiyashi ke yawo a cikin fatarsa. Ga tuwon sahur nan ko taɓawa bai yi ba. Ashe ais ce, wadda samari ke kira ƙanƙara, likitoci kuma metamfetamin.

Ba irin kodin ba ce mai kwantar da mutum. Ita zaburar da jiki take yi: zuciya ta kama gudu, barci da yunwa su ɗauke, kuma sha ɗaya kan kai awa 12 bai saki mutum ba. A ƙasar nan ma ake haɗa ta, tun 2011 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta gano wurin haɗa ta na farko a Legas.

In ka same shi tana kansa, kada ka yi masa faɗa a lokacin. Gani yake kowa farautarsa yake yi. Rage murya, kori 'yan kallo, kawar da almakashi da duk wani ƙarfe. Ba shi ruwa ya riƙa kurɓa, ka zaunar da shi a inuwa, domin tana ɗaga zafin jiki, balle a bazarar Katsina.

Ƙirji na ciwo, ko jiki ya yi zafi rau, ko ya fara jijjiga, ko magana ta karkace? Asibiti kai tsaye. Kafin a samu abin hawa, jiƙa masa jiki da ruwa, in ya suma ka kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali a baki. Gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Na san da kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wurin da aka fi sakaci shi ne bayan ta sake shi. Zai yi ta barci kwana biyu ko uku, ya tashi da baƙin cikin da kan sa wasu tunanin kashe kansu. Kada a bar shi shi kaɗai. Kai masa kunu, ka zauna kusa da shi. A nan ne magana ke shiga, ni ma a nan yarona ya fashe da kuka ya ce, "Maigida, na kasa bari."

Wanda bai kai ga dainawa ba, gaya masa ƙiri-ƙiri: kada ya haɗa ta da tiramadol, haɗin na jawo jijjiga. Kada ya karɓi allurar wani ko bututun da wani ke zuƙar ta da shi, ta nan ciwon hanta ke shiga, allura kuma har da ƙanjamau. Ya ci abinci, ya yi barci, ya wanke baki.

Mari da bulala ba magani ba ne. Duk mun ga halin da aka samu yara a ciki a gidan mari na Daura a 2019. Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa, ko ku kira layin NDLEA na kyauta, 080010203040. In ya koma sha, a sake mayar da shi, sau biyu na mayar da nawa.

Yanzu ko da Sallah ce gobe, ƙarfe sha ɗaya nake rufe shago, in raka shi har ƙofar gidansu.