Yadda Za Ku Sa Lambar Gida Inda Masu Kai Ɗauki Za Su Gan Ta

Idan gobara ta tashi, ko wani ya yanke jiki ya faɗi, direban motar kashe gobara ko ta asibiti ba shi da lokacin tsayawa neman kwatance. Lambar gidanku ce za ta kai shi ƙofa.

1. Ku tabbatar da lambar da hukuma ta ba gidan, kada ku ƙirƙiri taku.

2. Ku nemi manyan alƙaluma. Dokokin kashe gobara a wurare da yawa sun ce tsayinsu kada ya gaza inci 4, wato kusan santimita 10. Gidan da ya ja baya daga titi yana buƙatar fiye da haka. Ku guji rubutun ado mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda ke tuƙi cikin gaggawa ba zai iya karanta shi ba.

3. Launin lambar ya bambanta da na bango: baƙi a kan fari, ko fari a kan baƙi.

4. Ku kafa ta a bangon da ke kallon titi, gefen ƙofa. Kada a sa ta jikin ƙyaure, domin da an buɗe shi sai ta ɓuya. In ba a hango gidan daga titi, ku kafa wata a bakin hanyar shiga.

5. Ku sa mata fitila, ko fenti mai ƙyalli idan hasken mota ya taɓa shi.

6. Da dare, ku tsallaka titi ku dube ta ta hagu da ta dama. Duk reshen da ya tare ta, a sare shi.