Kafin ka kai tsofaffin sulallan Ayalan banki, duba shekararsu

Idan kana da tsofaffin sulallan Ayalan na kafin ƙasar ta koma kuɗin Yuro, shawarata ita ce kada ka yi gaggawar kai su canji. Baza su a kan tebur tukuna, ka juya gefen da ke da hoton kayan kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, nan shekarar take.

Fara da ware na kafin 1971, shekarar da ƙasar ta daina lissafin sule da kwabo irin na da. Dabbobi ne a jikinsu, zanen Percy Metcalfe tun 1928: kaza da 'yan tsakinta a kwabo, zomo a taro, karen farauta a sisi, bijimi a sule, kifi a sule biyu, doki a sule biyu da sisi. Ukun ƙarshen nan su ne abin nema. Duk wanda aka buga daga 1928 zuwa 1943 kashi 75 cikin ɗari azurfa ne. Daga 1951 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, hoto bai canza ba amma azurfa ta tafi. Mai dokin nan nauyinsa giram 14.14, wato azurfar cikinsa ta haura giram 10, alhali a banki kusan santi 16 na Yuro kawai za a lissafa maka shi. Akwai kuma sule goma na 1966 mai hoton ɗan gwagwarmayar 'yancin Ayalan Patrick Pearse, shi azurfarsa ta ma fi haka, kusan kashi 83.

Taro da sisi na farko farare ne tas, suna ruɗin mutane, amma nikel ne zalla. Kusanta maganaɗisu za ka ga sun manne, abin da azurfa ba ta yi.

Don Allah kada ka goge su da sabulu ko man goge ƙarfe. Wannan duhun da ya kwanta a lungun zanen, masu tara sulalla suna son sa, gogewa kuwa karya farashi take yi nan take. In ka ga sule biyu na 1943, ko kwabo 20 na 1985, ajiye shi gefe ka nuna wa dillalin da ya san harkar, don ƙalilan ne suka fita.

Ragowar na bayan 1971 ka kai Babban Bankin Ayalan da ke Dublin. Har yanzu yana karɓarsu a kan farashin da aka tsayar lokacin shiga Yuro, fam 0.787564 a kan Yuro ɗaya, wato kowane fam kusan Yuro 1.27.