Darasi na Bakwai: Allurar HPV, Jinin Al'ada da Fargabar Ciki

Tun da Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin riga-kafin yara a watan Oktoban 2023, tambaya biyu iyaye mata suka fi kawo wa ma'aikatan lafiya. Wata ta ce tun da aka yi wa 'yarta allurar al'adarta ta rikice. Wata kuma an yi mata, daga baya ta ga ɓatan wata, hankalinta ya tashi.

Abin da ke cikin allurar

HPV ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma ita ke haddasa kusan duk kansar bakin mahaifa. Nau'i biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan kansa. A shekarar 2020 kaɗai an ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 sun rasu.

Allurar da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, Gardasil ce. Rabin mililita ake yi a dantse, sau ɗaya. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Kwaikwayon ɓawon ƙwayar ne kawai, don garkuwar jiki ta shaida ta tun kafin ta zo. Babu kuma sinadarin da ke juya al'ada, irin wanda ke cikin allurar tazarar haihuwa. Saboda haka ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta zubar da shi. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan riga-kafi ya duba zargin rashin haihuwa, bai sami alaƙa ba.

Abin da takan jawo shi ne ciwo ko kumburi a wurin allurar, wani lokaci ɗan zazzaɓi ko ciwon kai na kwana ɗaya zuwa biyu. Wasu 'yan mata kan ji jiri har su faɗi, shi ya sa ake zaunar da su minti 15 kafin su tafi.

To me ya rikita al'adar?

A lura da shekarun. Yawancin 'yan mata suna fara al'ada ne wajen shekara 12 ko 13, daidai lokacin da ake yin allurar. A shekara biyu zuwa uku na farko kuwa jiki bai daidaita ba, domin ba kowane wata ƙwai ke fita ba. Yarinya za ta iya gani wannan watan, ta tsallake na gaba, ko da ba a taɓa yi mata wata allura ba. Ga budurwa, tazarar kwana 21 zuwa 45 daidai ce. Ga babbar mace, 21 zuwa 35.

Zazzaɓin cizon sauro mai zafi, rama, damuwar jarrabawa ko ta gida, duk suna jinkirta al'ada. Shayarwa ma haka. Mai allurar tazara ta wata uku ko ashanar hannu takan ga ɗige-ɗige, ko jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Hatsarin ɗora wa riga-kafi laifi shi ne a daina neman ainihin dalili, alhali wataƙila ƙarancin jini ne ke cin yarinyar, ko kuma ciki ne da ya kamata a fara masa awo.

Matan da ke lissafin kwanakin tsarki saboda salla sun riga sun iya rabin aikin. A samu kalanda, a zagaye ranar farko da aka ga jini. Daga ita ake ƙirgawa zuwa ranar farko ta wata mai zuwa, ba daga ranar wanka ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. A yi haka wata uku, a tafi da kalandar asibiti.

Idan ana zargin ciki

Tsinken gwajin ciki yana da araha a kemis, kuma allurar HPV ba ta canza sakamakonsa. Amma gaggawa tana ɓata shi: idan aka gwada da wuri, sinadarin cikin bai taru a fitsari ba, sai tsinken ya nuna babu alhali akwai. A bari ranar al'ada ta wuce. Wadda ba ta san ranarta ba ta ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe.

1. A duba ranar lalacewa a jikin ledar, kada a buɗe sai za a yi amfani da shi.
2. A tari fitsarin farko na asuba a mazubi mai tsabta, busasshe. Shan ruwa da yawa kafin gwaji yana tsinka fitsarin.
3. A tsoma ƙarshen tsinken na 'yan daƙiƙoƙi, kada fitsarin ya haura layin da aka shata.
4. A kwantar da shi, a jira minti 3 zuwa 5. Abin da ya fito bayan minti 10 ba a aiki da shi.

Layi biyu, akwai ciki, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi ɗaya a sama, babu. Idan na saman bai fito ba, tsinken ya lalace, a sake da sabo. In ya nuna babu kuma jini bai zo ba, a maimaita bayan mako ɗaya.

Ba a yi wa mace allurar HPV idan an san tana da juna biyu, sai ta haihu. Wannan taka-tsantsan ne. An bi diddigin dubban matan da aka yi wa kafin su gane suna da ciki, ba a ga ƙarin ɓari ko nakasar jarirai ba. Don haka wadda hakan ta faru da ita ta kwantar da hankalinta, ta fara awo, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya ranar da aka yi mata. Idan da saura, kamar masu cutar HIV da ake yi wa sau biyu ko uku, a jinkirta sauran har bayan haihuwa. Mai shayarwa tana iya karɓa.

Kada a sha kanwa, jiƙo ko ƙwayoyin kemis don a sauko da jini. Suna iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa a gida.

Wanda ba a jira

Ɓatan wata tare da matsanancin ciwon mara a gefe ɗaya, ga ɗigon jini ko jiri, yana iya zama ciki a wajen mahaifa. A tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka idan audugar mata tana jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko bayan allura fuska ta kumbura numfashi ya yi wuya. Jinin da ya wuce kwana 7, al'adar da ta ɗauke wata uku babu ciki, da yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara ba, su ma a kai su a duba cikin makon.