Yadda ake sa wa ƙofar gareji mai a garin ƙura

Idan ƙofar gareji ta fara kuka, abin da aka saba yi a nan Garwa ta Kamaru shi ne a aiki yaro wurin makanike ya karɓo baƙin mai a gorar ruwa, a kwarara mata tun daga sama har ƙasa. Ranar za ta yi shiru. Kafin wata ya zagayo sai ka ga ta fi da nauyi, ga ƙasan ƙofa ya yi baƙi ƙirin, ga rigar maigida ta ɓaci. Ni aikina walda ne a unguwar Yelwa, ƙofofin ƙarfe nake ƙerawa, kuma akasarin tayoyin ƙofa da ake kira na in canza ba rashin mai ne ya kashe su ba, yawansa ne.

Dalilin a fili yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa da ƙura mai laushi wadda babu ramin da ba ta shiga. Duk inda ta tarar da mai a buɗe sai ta manne, ta haɗu da yashin da tayar mota ke shigowa da shi, su zama wani baƙin ƙulli. Wannan ƙullin ne ke cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. Baƙin mai kuwa dama da gurɓacewarsa ya zo, akwai toka da ɓurɓushin ƙarfen inji a ciki. Man gyaɗa, manja da man auduga su ma a bar su a madafa, domin zafi na sa su daskare su yi danƙo, tururuwa kuma ta bi su.

Ga abin da za ka tanada: tsintsiya, burushin ƙarfe, tsohon burushin haƙori, tsumma mai yawa, ɗan kananzir ko gazuwal, wato man dizal, a gwangwani, da giris. Farin giris na litiyom ya fi, ana samunsa a shagunan kayan ƙarfe na babbar kasuwa, na gwangwani da na feshi. In ƙofarka tana da tayoyin roba, ka nemi feshin silikon, don giris na fetur yana lalata wasu robobin. Feshin nan mai suna WD-40 yana da amfaninsa, yana sassauta tsatsa yana korar ruwa, amma ruwa-ruwa ne, ba ya daɗewa a zafinmu. Ka wanke da shi, kada ka dogara da shi a matsayin mai.

In ƙofar mai inji ce, fara da zare wutarta. Sannan wanki, wanda shi ne kashi mafi girma na aikin. Kankare tsohon giris da sukudireba, jiƙa tsumma da kananzir ka goge har sai ƙarfe ya fito fes, ka bar shi ya bushe. Kananzir na kama wuta, saboda haka a nesanta murhun shayi da mai shan taba.

Ƙofa mai zamewa a kan dogo ita ce ta fi yawa a sababbin gidaje, ita ce kuma aka fi zalunta. Dogon da ke ƙasa ba a sa masa mai, ko ɗigo. Taya birgima take yi a kansa, in ka sa giris sai ta riƙa sulɓi tana jan yashi, gefe ɗaya ya siɗe ya yi fale-fale. Haƙƙin dogo shara ne kawai. Ka bi shi da tsintsiya, ka tono tsakuwar da ta maƙale a gefensa, ka duba ko wata mota mai nauyi ta lanƙwasa shi. Mai na cikin taya ne, wurin boris. Sa jak ko ƙarfe ka ɗan ɗaga ƙofar, wani ya riƙe ta kada ta kauce, ka juya tayar da hannu. In ta juya sumul ba ƙara, kuma ka ga boris ɗin a rufe yake da zoben roba, ƙyale shi, da girisinsa ya zo. In a buɗe yake kana ganin ƙwallayen, wanke da burushin haƙori, ka tura giris kamar ƙwayar gyaɗa da ɗan yatsa, ka juya, ka goge duk wanda ya fito waje. In kuwa ka ji tana ƙarar-ƙarar kamar da tsakuwa a ciki ko tana rawa a kan ƙusarta, ta mutu, mai ba zai tashe ta ba, a canza. Kada ka manta da ƙananan tayoyin da ke riƙe ƙofar daga sama, su ma a goge su.

Ƙofa mai ƙyaure biyu aikinta bai da yawa. Ɗaga ƙyauren kaɗan har sandar pata, wato ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kai, ta bayyana, goge, shafa giris, sauke, ka buɗe ka rufe sau da dama, ka share ragowar. Ramin sakata na ƙasa yakan cika da ƙasa, a kwashe. In ƙyaure yana jan ƙasa, pata ce ta saki ko ginshiƙi ya karkata, wannan aikin walda ne.

Sai rido, wato ƙofar da ake naɗewa sama, irin ta shagunan kasuwa. Goge cikin hanyoyinta biyu na gefe da tsumma a kan sanda, sannan ka yi feshi siriri, ba ka cusa giris da cokali ba kamar yadda nake gani a wasu shaguna. Bayan haka gwada ta: ɗaga ta zuwa ƙugu ka saki a hankali. In ta tsaya, sifirin ɗinta lafiya lau. In ta zubo ƙasa ko ta fizge sama, sifirin ya gaji ko ɗaurinsa ya kauce. A nan Alhaji ka tsaya. Sifirin ɗin da ke cikin akwatin sama a murɗe yake da ƙarfin da ke ɗaukar nauyin ƙofar gaba ɗaya, in ka kwance noti ɗaya zai iya warwarewa ya tafi da yatsu. Feshi daga nesa ba laifi, amma sifana kada ta taɓa shi sai a hannun wanda ya iya. Haka ma igiyoyin ƙarfe na ƙofofin da ake shigowa da su daga Turai.

Kwaɗo da makulli ba sa son giris sam. Goga bakin fensir a jikin ɗan makulli, ka sa ka zare har ya saki. Kwaɗon waje kuma a yanka tsohon tib na taya a rufa masa saboda ruwa.

Game da lokaci, sau biyu a shekara ya isa gidan da mota ɗaya ke shiga da fita. Na farko a Maris, bayan ƙura ta lafa, kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya narkar da tsohon giris ya tsiyaye. Yi shi da sassafe, don da rana ƙarfen ba ya taɓuwa. Na biyu a ƙarshen Oktoba bayan damina ta ɗauke, lokacin ne za ka ga inda tsatsa ta kama ƙasan ƙofa, musamman gidajen da ke gangaren kogin Binuwai inda ruwa ke kwanciya. Goge wurin da burushin ƙarfe, ka shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado. Masu shago da ke ɗaga rido kullum safe da yamma su ƙara ɗaya a tsakiyar hunturu, amma gogewa kawai. Sharar dogo kuwa a haɗa wa yaron da ke share ƙofar gida, duk Juma'a.