Yadda ake shirya ziyarar ƙafa daga Sifawa zuwa Hubbaren Shehu

Mafi yawan masu zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato mota ke sauke su a bakin ƙofa, su yi addu'a, su juya. Wanda yake son ya san ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna, gara ya taka ta da ƙafa, tare da jagoran da ya san ta. Hanyar da na fi ba da shawara ita ce daga Sifawa, a ƙaramar hukumar Boɗinga, zuwa cikin birni. Shehu ya zauna Sifawa tun wajen 1810 yana karantarwa, a 1815 ya koma Sakkwato, garin da ɗansa Muhammadu Bello ya gina, a can kuma ya rasu a 1817. Ke nan ƙaurarsa ta ƙarshe za ku bi.

Wani zai ce don me ba za a bi hanyar hijira ba, daga Degel zuwa Gudu, wadda aka yi a 1804? Tana da nisa, kuma yankin Gudu da Tangaza na fama da matsalar tsaro. Haka Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, da ke ƙasar Sabon Birni. A dakata da su tukuna.

Abin farko shi ne jagora, kuma a nan ake cin nasara ko a yi asara. Mutum biyu kuke buƙata, don da wuya a samu ɗaya mai haɗa aikin duka. Ɗaya ɗan ƙasa, wanda ya san hanyar ƙafa, da rijiyar da ke da ruwa, da garin da ba a ratsawa sai an gaida mai gari. Ɗayan malami ko ɗalibin tarihi, wanda zai iya bambance abin da aka rubuta da abin da baki ya ƙara. Ana iya neman irinsa ta Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ku gwada shi da tambaya ɗaya kafin ku shirya da shi: ina Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya zauna lokacin da Shehu ke Sifawa? In ya ce Boɗinga, ku ci gaba da magana. In ya fara da labarin aljanu, ku yi masa godiya. Ladan kowannensu a yanke shi tun kafin a tashi.

Wannan tsari ma ba baƙo ba ne a ƙasar. 'Yan taru, matan ƙauyuka da ke zuwa ɗaukar karatu wurin Nana Asma'u 'yar Shehu, da ƙafa suke zuwa, a ƙarƙashin jaji, wadda ake naɗa mata malfa a matsayin alamar shugabanci. Ita ke tsare ayari a hanya, ita ke komawa gida da karatun.

Na biyu, lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu. An gama girbi, gonaki sun buɗe, ba wanda zai ce kun tattake masa gero. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kada ma a soma. Da azumi ma haka.

Sai neman izini. Mako biyu kafin tafiya, mutum biyu su je su gaida uban ƙasa da masu garuruwan da za a ratsa, su faɗi adadinku da ranar zuwa da inda kuke son kwana. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. A zamanin nan baƙi ashirin da suka ɓullo daga daji ba sanarwa, firgita gari za su yi. Kada ayari ya wuce mutum 15 zuwa 20. Mutum biyun da suka je gaisuwa kuma su taka hanyar da jagora tun daga farko har ƙarshe, su ga inda dole a hau bakin kwalta, su ga inda akwai inuwa.

Mai ƙarfin ƙafa zai iya yin tafiyar a yini guda, amma ayari da gudun mafi rauni yake tafiya, wajen kilomita 3 zuwa 4 a awa. Ku raba ta kwana biyu. A tashi bayan sallar asuba, a sauka da hantsi ya yi zafi, a huta har la'asar, a ƙara kaɗan, a isa masauki kafin magariba. Ba tafiyar dare ko da wata ya yi haske. A tuna kuma nisan bai kai na ƙasaru ba, don haka salla cikakkiya za a yi.

Kaya kaɗan: tsohon takalmin da ƙafa ta saba da shi, malfa, rawani ko gyale saboda ƙura, bargo don sanyin dare, buta, tocila, dabino, ƙuli-ƙuli, ƙullin gishiri da sukari. Fura da nono a saya a hanya, mutanen gari su ma su amfana. Ruwa da tabarmi su bi ku a mota, wadda za ta riƙa jira a mahaɗar hanya don ɗaukar wanda ya gaza. In da mata a ayarin, a ba su shugabarsu da masaukinsu daban.

A kowane zango jagora ya yi magana minti goma, ya tsaya. Dogon jawabi a kan gajiya ba ya shiga kunne. Ya fi kyau a karanta 'yan layuka daga rubuce-rubucen Shehu ko waƙoƙin wa'azin Nana Asma'u, a bar mutane su yi tambaya suna tafe.

Akwai maganar da ya kamata a gama ta tun a gida. Malamai sun saɓa a kan yin tafiya takanas don ziyarar kabari, kuma ayarinku zai iya haɗa ɗan ɗariƙa da ɗan Izala. Ku yarda da niyya ɗaya: sanin tarihi, tuna lahira, yi wa mamata addu'a. Da an isa kabari a yi sallamar da aka koyar, “Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin”, a roƙa musu gafara. Ba shafar bango, ba ɗibar ƙasa. Shehu da kansa ya yi dogon gargaɗi a kan bidi'o'in maƙabarta a littafinsa Ihya'us Sunna. Hoto kuwa sai an tambayi masu tsaron wuri, kuma kada a ɗauki matan gari.

Ku daidaita ku shiga Sakkwato da safe a rana ta biyu ko kafin la'asar. A yi alwala a Masallacin Shehu, sannan a shiga Hubbare ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, bisa tsarin masu kula da wurin. Sadakar da za a bayar a tara ta hannun mutum ɗaya, don almajirai da mabarata na da yawa a ƙofa. In da sauran kuɗin mota, washegari a wuce Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837.